Tuwo Mai Ɗanɗanon Toka

Ana sallame sallar asuba muka nufi tashar Kano, ni da wani malamin gona, muka shiga jirgin ƙasa mai zuwa Nguru. Abin da ya fitar da ni jita-jita ce da ta iso ofishin jaridarmu, cewa abinci ya yanke a ƙauyukan ƙasar Gumel, ga damina ta ƙarato. An shaida mini cewa masu rabon hatsin agaji za su dubi abin da na rubuta kafin su yanke shawara. Na tafi da tambayoyin da na daɗe ina koya wa sababbin ma'aikata: me ya faru, ga wa, a ina, yaushe, kuma wa ya shaida.

Mun sauka a Gagarawa Tasha rana ta take, muka hau motar da ke komawa Gumel bayan ta sauke gyaɗa. Rairayin hanyar ya sa rabin tafiyar ita ta ɗauke mu, rabin kuwa mu muka tura ta. Ranar Alhamis muka wuce Maigatari. Kasuwa ta cika maƙil: raƙuma da kanwa daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransi ke mulka, dabino, da shanu masu arahar da ban taɓa gani ba. Gero ne kaɗai ya yi tsada. Na rubuta cewa ciniki na tafiya, ban tsaya na tambayi kaina abin da ke sa makiyayi ya rabu da saniyarsa a wannan farashi ba.

Kashegari muka ari dawaki zuwa wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar. Mai garin, dattijo ne siriri mai tsabtar riga, ya sauke mu a zaurensa. Bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, yaya sha'anin abinci a nan?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, da sauƙi."

Limami ma haka ya ce, maƙeri ma haka. Da la'asar aka kawo mana tuwon gero da miyar kuka, akushi cike. Na ci na ƙoshi, na rubuta cewa shaidu uku sun ƙaryata jita-jitar, kuma idona ya ga abinci.

Da safe muna ɗaura sirdi, malamin gona ya matso ya ce a hankali, "Malam, tun asuba ka ji ƙarar turmi ko ɗaya a garin nan?" Ban ji ba. Ya ce, "Tuwon jiya kuma, ba ka ji toka-toka a bakinka ba? Da toka ake adana iri saboda ƙwari."

Na saki linzamin, na koma zaure. Na ce, "Ranka ya daɗe, irin shukarka muka ci?"

Ya ce, "Baƙi sun sauka. Da me zan tare su?"

"Me ya sa ba ka gaya mini halin da ake ciki ba?"

"Gaisuwa ka yi mini, Malam, na amsa. Ba ka ce in buɗe maka rumbu ba."

Na roƙe shi ya buɗe, ya buɗe. Gida-gida muka bi har azahar. Rumbunan fayau suke. Na ga mata sun dawo da ƙwaryar hatsin da suka tono daga gidan tururuwa, rabinsa ƙasa. A nan na yi tambayoyina daga farko, amma da wata siga: yaushe aka yi daka na ƙarshe a gidan nan, me aka ci jiya, wa ya tafi cin rani bai dawo ba. Kowa ya amsa, ba wanda ya ɓoye mini kome.

Da zan hau doki dattijon ya riƙe hannuna. "Ka rubuta garin, Malam. Amma kada ka rubuta ni. Ina da surukai a Ɗanzomo."

Ka'idarmu ita ce labari ba ya fita sai da sunan wanda ya shaida, kuma ni na fi kowa tsananta ta. Na juya maganar a raina tun daga Gumel, inda na sayi iri na aika masa, har jirgi ya shigo Kano. A ƙarshe na cire sunansa, na sa nawa a matsayin shaida. Labarin ya fito, kuma an sa ƙauyen cikin waɗanda za a kai wa hatsi. Ko zai isa kafin ruwan shuka, ban sani ba.

Na yi shekaru a jami'a a ƙasar waje ina koyon yadda ake tantance gaskiya, ga shi ina da shekara hamsin ban iya bambanta amsar gaisuwa da amsar tambaya a harshen uwata ba. Mutumin kirki ba ya kai kukan yunwarsa ga baƙo; aikin mai neman labari ne ya saurari abin da garin ya daina yi. Saura kaɗan in hana mutanen nan abinci, ba don kome ba sai don sun ciyar da ni.