Ranar da Aka Zo Neman Iro Wanzam

Iro Wanzam ya sauka birnin Duwala na Kamaru a jirgin ƙasa daga Ngaundere cikin shekarar 1975, da zabirarsa a kafaɗa. Waɗanda suka san unguwar New Bell ta wancan zamani za su tuna bencinsa a bakin layin mahauta, ƙarƙashin wani mangwaro da aka sare tun tuni. Ranar Juma'a da hantsi sai ka ga 'yan dakon tashar jiragen ruwa da direbobi da masu goro sun yi layi, yana wasa aska a tafin hannu yana tsokanar kowa da girman ƙeyarsa. Shi ke aske jarirai ran suna, shi ke ƙaho. Shekara goma sha takwas yana wannan aiki, ba a taɓa jin ya yanki kunnen wani ba.

Matarsa Rahinatu ta rasu a damunar 1993 bayan doguwar jinya. A ƙaramin asibitin mishan inda ta kwanta aka gwada jininsa, wata nas mai tabarau ta zaunar da shi ta gaya masa yana ɗauke da ƙwayar Sida, wato ƙanjamau. Ya tambaye ta abu ɗaya tak, ko aska na iya kai wa wani. Ta ce jini na iya kaiwa. Ya koma gida ya naɗe zabira, ya ce wa mutane hannunsa ya fara rawa. Suka yi ta yi masa jaje.

Shekarun nan kuwa kowa ta kansa yake yi. An rage albashi, an karya darajar faran, kuɗin ƙasar, kamfanoni na ta sallamar ma'aikata. Ɗan mai gidan da Iro ke haya ya rasa aikinsa a tashar jiragen ruwa, ya dawo da mata da 'ya'ya, aka ce Iro ya ba da ɗaki. Ya koma wani ɗakin katako a bakin lambatu, inda ruwan Agusta ke shigowa har gwiwa, katifa ba ta bushewa. A nan tari ya kama shi. Maƙwabta suka fara lura da ramarsa, mai ɗakin ya ce zai yi gyara, a kwashe kaya. Bayan wannan ya yi wata biyu yana kwana a barandar shagunan kasuwa.

Hawa'u mai koko ce ta tsince shi. Bazawara ce, Iro ne ya aske 'ya'yanta huɗu ran suna.

"Wanzam, kai ne ka koma haka kamar sandar rake da aka tsotse? Tashi mu je. Ɗakin gawayina ya fi wannan baranda."

Ɗakin bai da taga, bango ɗaya ne na katako tsakaninsa da murhunta, hayaƙi na shiga ta kowace kafa. Amma da rufi, kuma kullum da safe akwai koko da ƙosai uku. Ita a saninta ciwon sanyi ne ke cinsa.

Da tarin ya fara zuwa da jini, ya lallaɓa ya koma asibitin. Nas mai tabarau ta karɓi majinarsa, ta ce in tarin fuka ne yana da magani, ko ga mai irin ciwonsa, ya dawo bayan mako guda. Ranar da makon ya cika ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Ya ce gobe. Goben ta zama mako uku.

A unguwar Hausawa akwai wata al'ada da wahala ta koya wa mutane. Baƙo in ya shigo da takarda a hannu yana tambayar wani da cikakken sunansa, to babu wanda ya san mai sunan. Masu karɓar haraji haka suke zuwa, haka ma masu kamen marasa katin shaida. Ko limami aka tambaya, sai ya ɗaga kai yana tunani.

Wata Talata, wajen ƙarfe goma na safe, Iro na kwance ya ji ana sallama da Faransanci a bakin murhu. Ya gane muryar nan take. Nas ɗin ce, ta bi sawunsa daga gidan farko zuwa bakin lambatu har ta iso nan. Ta kafar katako ya hango ta, ba farar riga, sai lema da jakar takardu, takalmanta duk taɓo.

"Ina neman Ibrahima Sali. An ce nan yake kwana."

"Wa? Ba mu da shi," in ji Hawa'u, tana juya ƙosai.

"Wanzami ne. Dogo, yana tari."

"Madam, damina ce. Duk New Bell tari take yi, har akuyata."

Masu shan koko suka kwashe da dariya.

"Ina da takarda da zan ba shi hannu da hannu."

"Takardar me?"

Nas ta ƙanƙame jakar takardunta. Aikinta ya hana ta faɗin ciwon mutum a gaban jama'a.

"Kin gani? Ku je ku kama masu manyan motoci, ku bar talaka ya sha koko."

Taku biyar ne tsakanin Iro da ita, kuma ya san sakamakon gwajin majinarsa ta kawo. Kira ɗaya ya isa. Amma a bencin masu shan koko akwai mutum shida, biyu daga cikinsu ya yi musu ƙaho da hannunsa. In ya fito za a tambayi abin da ya sa asibiti ke aiko mutum har gida, a haɗa da mutuwar Rahinatu, a haɗa da askar da ya ajiye. Gobe babu mai sayen kokon Hawa'u, shi kuma sai baranda. Tari ya taso masa, ya cusa bakin zane a baki ya danne, hawaye na zuba, har ya ji takunta ya yi nisa.

Hawa'u ta turo ƙofa da kwano a hannu, fuskarta cike da murna.

"Wanzam, yau na cece ka! 'Yar haraji ce, har da cikakken sunanka. Na ce mata ko akuyata tari take yi."

"Allah ya saka da alheri, Yaya Hawa'u."

"Sha da zafinsa. Muddin ina raye babu mai fitar da kai daga ɗakin nan."

Ya yi niyyar in ya ɗan ji ƙarfi ya tafi asibitin da kansa, ba wanda ya sani. Ƙarfin bai zo ba. Ya rasu ranar Alhamis, kwana goma sha shida bayan zuwan nas ɗin, yana da shekara arba'in da uku. An yi masa salla bayan azahar ana yayyafi, sahu huɗu.

A zaman makoki mata suka yi ta yaba wa Hawa'u, ita kuma tana share hawaye tana cewa ko ba komai ya tafi da mutuncinsa, hukuma ba ta taɓa shi ba.