Numfashin Baba Kumatu

A ƙofar wurin wasan yara, gefen da inuwar katanga ke faɗowa da hantsi, nan Baba Kumatu ya yi rayuwarsa. Duk wanda ya tashi a unguwar ya san shi: doguwar sanda a hannu, ƙullin zare a wuya, aljihu cike da balan-balan ja da kore da ruwan ɗorawa. Sunansa na yanka ko matarsa ta daina kira. Kumatun ne suka cinye sunan, don in ya kafa baki yana hurawa sai su kumbura kamar ya ɓoye lemo biyu a ciki.

Numfashi uku yake wa kowace balan-balan. Na farko ya buɗe ta, na biyu ya cika ta, na uku ɗan kaɗan, sannan ya manna ta a kunci ya ji ƙarfinta kafin ya ƙulle. Ba ya hurawa ya ajiye. Sai yaro ya zaɓi launi, ya hura a gabansa, yaro na ƙyalƙyala dariya.

Kusa da shi akwai mai gyaran keke, Mai Faci, abokin faɗansa tun suna da baƙin gashi.

"Kumatu, ga famfo nan a banza, ɗauki ka huta. Wata rana kai za ka fashe, ba balan-balan ba."

"Kai dai ji da tayoyinka. Wa ka taɓa gani ya tsaya kallon famfo?"

Haka suke kullum, ba mai gajiya.

Ciwon hanta ya daɗe yana cin sa a ɓoye. Wata safiya yana cikin ƙulla zare sai aman jini. Mai Faci ne ya watsar da kayan aikinsa ya kai shi asibiti. Likita ta ce jijiyoyin jini ne suka kumbura a tumbinsa, ɗaya ta fashe. Za a zura siririyar roba mai kyamara ta baki, a tsira wa jijiyar wani gam ya toshe ta. Ta gaya wa matarsa gamin kan zo da matsala wani lokaci, amma jinin ba zai jira ba. Aka yi, jini ya tsaya.

Da ya farfaɗo, Mai Faci na bakin gado.

"Ashe faci aka yi maka! Da ka zo wurina, ai da na yi maka sauƙi."

Dariyar da Baba Kumatu ya yi ce ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa, ƙirji ya ɗauki ciwo. Aka ɗauki hoto. Likita ba ta ɓoye ba: ɗan gamin ya bi jini kafin ya daskare, ya je ya maƙale a huhu.

"Baba, ranka ya tsira, shi ne babba. Numfashin zai dawo, amma ba lallai kamar da ba. Kuma ban da yunƙuri, kada jijiyar ta sake buɗewa."

"'Yata, ni da numfashi nake ci."

Ya yi jinya ya koma gida. Matarsa ta ɓoye sandar a bayan ƙofa.

"Maigida, ka zauna. Yara sun girma, za su riƙe mu."

Ya zauna ɗin, amma da yamma in ya jiyo hayaniyar yara sai ya leƙa bayan ƙofar. Ranar da ta fita unguwa, ya zaro sandarsa ya nufi ƙofar wurin wasa.

Wadda ta fara zuwa wata mata ce riƙe da 'yarta.

"Baba, ka gane ni? Ni ce mai kuka in ba ja ba. Na kawo maka jikarka ta ga kumatun nan."

Yarinyar ma ja ta zaɓa. Ya kafa baki. Ɗaya, biyu, uku, balan-balan ba ta kai dunƙulen hannu ba. A na biyar tari ya turnuƙe shi, iskar ta fice da wani ɗan kuka. Ya dafa katanga, idonsa a ƙasa, yana lissafin hanyar gida.

Mai Faci ya taso, ya ajiye famfo a gaban ƙafarsa. Ya koma kan tayarsa ya juya baya.

Baba Kumatu ya daɗe yana kallon famfon. Sannan ya durƙusa, ya ɗaura masa balan-balan a baki, ya danna. Da ya danna sai kumatunsa suka kumbura da kansu, don sun saba. Yarinyar ta fashe da dariya tana nuna shi. Ko kallon famfon ba ta yi ba. Ya danna na biyu, ya ƙara na uku ɗan kaɗan, ya manna ta a kunci, ya ƙulle.

Daga can Mai Faci ya ce, "Aro ne fa, Kumatu."

"Zo ka ƙwata."

Famfon bai koma ba. Har Baba Kumatu ya bar duniya, famfon na jingine a jikin sandarsa, gefen da inuwar ke faɗowa.