Ƙafar Kawu da Tayar Baya

Daga bakuna uku na tattaro wannan bayani: abin da na gani da idona, abin da Kawu ya faɗa mini daga baya, da abin da matarsa, Anti, ta hango ta tagar kicin. Ba ko'ina bakinmu ya zo ɗaya ba. Ko lokacin ma ban tabbatar ba. Kawu ya ce kafin Babbar Salla ne, Anti ta ce bayanta. Abin da na sani shi ne ana tsananin zafi, shekarar da na gama jami'a, ina ɗakin haya a unguwar Glenwood, nan ƙasar waje, ina jiran kiran aikin da ya ƙi zuwa.

Zama ya ishe ni, don haka duk Asabar nakan tafi gidan Kawu a garin Pleasant Garden. A garejinsa akwai tsohon babur mai taya uku, ba irin adaidaita-sahu ba, na shiga daji ne, taya ɗaya a gaba, biyu ƙulu-ƙulu a baya. Babur ɗin ya girme ni. Yana tashi, amma da nishi yake hawa tudun da ke ƙarshen filin bayan gida.

"Injiniya," in ji Kawu, "wannan ko akuyar gidanmu ta fi shi sauri. Ina amfanin digirin naka?"

Na canza kafireta da wadda ta fi faɗin maƙogwaro, na canza fistin. Na so in gwada kowanne shi kaɗai, amma Kawu ba shi da wannan haƙuri. Sabuwar salansa ce kawai ban kai ga ɗaurawa ba.

Kawu ya daɗe yana acaɓa a Zariya kafin ya zo nan ya zama direban motar rarraba kaya, wato da ƙafar dama yake ciyar da gidansa. Ɗan acaɓa in zai sha kwana a wuri mai santsi yakan sauke ƙafa ya taɓa ƙasa, ba tare da ya yi shawara da kansa ba. A wannan babur kuwa tayar baya tana daf da diddige. Ina ganin na gargaɗe shi. Shi ya ce ban yi ba.

Ranar gwaji ya haye tudun kamar wasa, ya karkata dama wajen bishiya, ya sauke ƙafa. Tayar ta kama idon sawun, ta fizgo shi ƙasa. Anti ta ce gudun hauka yake yi. Kawu ya rantse a hankali yake tafiya. Ni na sunkuya ina tattara su sifana, ƙarshen kawai na gani.

Ƙashin ya tsage. Likita bai yanke ranar da zai koma tuƙi ba, wurin aikinsa kuma sun ce za su jira, amma ba su ce har yaushe ba.

Da na je duba shi, Anti ta tare ni a falo.

"Ko ka mayar da tsofaffin kayan, ko ka fitar mini da abin nan daga gida."

"Injiniya, salansar fa?" in ji Kawu daga kan kujera. "Tana cikin kwali tana jiran wa?"

"Alhaji, ka ji tsoron Allah! Ƙafarka tana cikin simintin ɗori."

"Ai ba da ƙafa ake ɗaura salansa ba."

Bayan wannan na yi ta shiga garejin ina fitowa ban taɓa komai ba. Na san zai sake hawa. Anti ma ta sani. Mayar da tsohuwar kafireta aikin yini ɗaya ne, kuma zai rage gudun. Abin da ban sani ba, kuma ban sami wanda zai tabbatar mini ba, shi ne: in na rage wa injin ƙarfi, shin ƙafar Kawu za ta daina sauka a kwana?