Bakancen Filemón Mai Burodi

A duk garin Santa Úrsula del Cerro babu wanda ya fi Filemón Arreola zuwa shagon aski, babu kuma wanda ya fi shi gashi. Kullum in ya kwashe burodin ƙarshe daga tanda ya wanke hannu, sai ya taka zuwa shagon Nicanor da ke bayan kasuwa, ya zauna a bencin jira, ƙarƙashin rediyo. Mutane su zo a yi musu aski su tafi, layi ya zo kansa ya wuce. In baƙo ya ce masa, "Baba, ai kai ne a gaba," sai ya ce, "Hau abinka, ɗana. Nawa lokacin bai yi ba."

Abin ya samo asali ne tun yana da ƙarfinsa, shekarar da Alfadarai, ƙungiyar ƙwallon garin, suka faɗo daga babban rukuni zuwa na biyu. A ranar, da ya fito daga filin wasa, bai bi gida ba. Coci ya shiga da rigarsa mai kore da baƙi, ya durƙusa gaban Waliyyiya Úrsula, ya kunna kyandir, ya yi bakance cewa almakashi ba zai sake taɓa kansa ba sai Alfadarai sun hau. A garin nan ba a wasa da bakance. Mata kan ja gwiwa daga ƙofar coci har gaban bagadi don yaro ya tashi daga ciwo. Sai dai su nasu yini guda ne, a shafa man zafi a wuce wurin. Shi ma ya zaci kakar wasa ɗaya ce.

Gashin ya rufe kunne, ya sauka kafaɗa, ya kai tsakiyar baya, ya yi furfura yana tafiya. A gidan burodi naɗe shi yake yi ya cusa cikin hula. Matarsa Eduviges ita ke kitse masa shi jela guda, kuma ba ta taɓa yi bakinta a rufe ba.

"Na aurar da 'ya'ya mata biyu, na ce na huta da kitso, ashe babbar 'yar tana nan da gashin baki. Tsaya mana! Kai kamar na alfadarin naku."

A shagon Nicanor kuwa magana ɗaya ce, ƙwallo. Nicanor ɗan garin ne, amma wata ƙungiyar masu kuɗi ta babban birni yake goyon baya, abin da mutane suka yafe masa saboda hannunsa na da kyau. Lupercio direban tasi shi ke kawo jita-jita, kowace da shedarta: wai a bakin fasinja ya ji, fasinjan kuma surukin mai wanke wa 'yan wasa riguna ne.

Sai ka ji Lupercio ya ce, "An sayi alƙalin wasan nan, wallahi. Ƙwallo ta daki hannun mutum kowa ya gani, har makahon da ke sayar da tikitin caca ya ji ƙararta."

"Kullum an saye muku alƙali," in ji Nicanor, aska na tafiya a kan fata. "Wa zai ɓata kuɗinsa a kanku? Ku da ko an bar muku raga ba mai tsaro sai kun nemi hanya. Ko ba haka ba, Doña Filemona?"

Haka yake kiran Filemón, da sunan mata, in yana son tsokana. Filemón sai ya yi murmushi ya ce, "Ka dai riƙa wasa almakashinka, compadre, aminina. Kada ranar ta zo ka ba ni kunya."

Bai cika shiga musun ba. In rana ta yi nauyi, ƙugin injin aski ya haɗu da muryar mai sharhi a rediyo, sai idonsa ya lumshe, ya tafi wasan da ba a taɓa bugawa ba. A can kullum yamma ce, an gama yayyafi, ciyawa na sheƙi, hazo ya sauko daga dutse ya tsaya daidai saman fitilun filin kamar shi ma ya biya kuɗin kallo. Ƙwallon takan taso daga gefen hagu a hankali, ta daɗe a sama har mutum ya iya juyawa ya gaisa da na kusa da shi. A cikin 'yan kallo akwai mahaifinsa da hularsa ta kaba, akwai abokan aikinsa da ƙurar fulawa ta cinye wa huhu, duk suna cin gyaɗa ba mai tari. Wani yaro ne ke tashi ya sa mata kai. Wata shekarar yaron dogo ne, wata shekarar gajere mai gwame, ya danganta da wanda ƙungiyar ta ɗauko a kakar. Kafin ƙwallon ta taɓa raga sai Lupercio ya daki benci yana zagin mai horarwa, Filemón ya buɗe ido ya ga gashin wani a ƙasa.

Sau biyu Alfadarai suna kaiwa wasan ƙarshe. Na farko aka cinye su a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Na biyu, gara kada a tuna.

Sannan wata rana rediyo ya faɗi abin da ko Lupercio bai taɓa ƙirƙirowa ba. Masu ƙungiyoyin babban rukuni sun taru a wani otal, sun rufe ƙofa: daga yanzu ba mai faɗowa, ba mai hawa. Na sama ya zauna a sama ko bai ci wasa ko ɗaya ba, na ƙasa ya ci kofi ya kai gida ya zuba furanni a ciki.

Duk ido ya koma kan jelar Filemón.

"To ai shi ke nan," in ji Lupercio. "Bakance ya faɗi. Ka yi alkawarin hawa tsani, an ɗauke tsanin. Laifin wa?"

"Ba da masu otal na yi magana ba," in ji Filemón. "Da ita na yi."

Eduviges ta ja shi har wurin fada, limamin cocin. Fadan, saurayi ne da bai san ƙwallo ba, ya ce Ubangiji ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai yiwu ba, ya kai buhun wake gidan marayu a madadin bakancen, ya je a yi masa aski. Filemón ya kai waken. Aski kuwa bai je ba. Ya ce ƙofar da mutum ya rufe mutum na iya buɗewa, kuma bai ga dalilin da zai riga waliyyiya gajiya ba.

Haka aka ci gaba. Alfadarai na buga wasannin da ba sa kai kowa ko'ina, 'yan kallo suka ragu har kana jin mai tsaron gida yana zagin 'yan bayansa. Filemón na zuwa duk Lahadi, da burodi a jaka. Wani abin mamaki, a shekarun nan ne wasan da yake gani in ya lumshe ido ya fi kyau. Tun da babu ranar da za a ɗora shi a kai, sai ya zama nasa shi kaɗai.

Da Lupercio ya shigo wata Talata yana haki, ya ce wani attajiri mai kamfanin siminti zai kawo babban rukuni garin, dariya aka yi masa. Wannan karon gaskiya ya faɗa. Attajirin ya sayi wata ƙungiyar babban rukuni ta wani gari a bakin teku, can kudu, ya kwashe ta kamar kayan ɗaki, 'yan wasa da mai horarwa da gurbinta duka, ya kawo Santa Úrsula, ya sa mata suna Alfadarai, ya ɗinka mata kore da baƙi. Tsofaffin 'yan wasan aka sallame su. Doka ta yarda, ba yau aka fara ba.

Garin ya haukace. Aka yi ta harba tartsatsin wuta sama, makaɗa suka kwana uku ba su sauke ƙaho ba, mutanen da suka shekara goma ba su leƙa filin ba suka fito da tsofaffin riguna suna cewa su dama ba su taɓa fid da rai ba.

"Mun hau ko ba mu hau ba?" in ji Lupercio. "Ranar Lahadi da wa za mu buga? Da ƙungiyar wannan mai askin! To me ya rage?"

"Ni dai ban ga lokacin da kuka ci wasan ba," in ji Nicanor. "Amma me ya dame ni? Kai guda nake bi bashi." Ya dubi Filemón ta madubi. "Ko kuwa, compadre?"

Filemón ya shafa jelarsa. Yana so ya yarda. Wuyansa ya gaji, bazara na dafa masa ƙeya, Eduviges kuma yatsunta sun fara ƙagewa, in ta gama kitson sai ta tsoma hannu a ruwan ɗumi. Da mutanen attajirin suka zo har gida suka ce suna son a yi askin a tsakiyar fili kafin wasan farko, a gaban talabijin, ita ta amsa musu tun bai buɗe baki ba.

Ranar Lahadi aka shigo da shi ta ƙofar 'yan wasa, inda bai taɓa bi ba. Filin ya cika har kan katanga. An kafa kujerar Nicanor a da'irar tsakiya, Nicanor na tsaye da farar riga sabuwa. Mai magana a lasifika ya kira sunansa, dubban mutane suka amsa, "Fi-le-món! Fi-le-món!" Ƙafafunsa kamar ba a ƙasa suke ba. Ya zauna, aka yafa masa ƙyalle, Nicanor ya warware jelar a hankali, gashin ya zubo fari har ya kusa taɓa ciyawa.

Daga inda yake zaune yana kallon 'yan wasan suna motsa jiki. Ƙarfafa ne, masu kyau, bai san ko ɗaya ba. Kusa da ƙafarsa wani ma'aikaci ya ajiye jakar ƙwallaye. An manna mata hoton kan alfadari, amma zafin rana ya ɗaga gefen takardar, a ƙarƙashi ana ganin shuɗin fenti da wutsiyar kifi, tambarin ƙungiyar da aka sayo. Ya daɗe yana kallon wutsiyar nan. A ransa ya ga wani gari da bai taɓa zuwa ba, mai warin gishiri, da fili a kulle ranar Lahadi, da wani shagon aski inda mutane ke zaune rediyo a kashe.

Ya ji sanyin almakashi a ƙeyarsa.

"Tsaya, compadre."

"Kada ka yi mini haka," in ji Nicanor ƙasa-ƙasa, yana yi wa kyamara murmushi. "Duk ƙasar nan na kallona. Har gashin bakina na rina."

"Wannan ba hawa ba ne. Goyo ne. Kuma ɗan wasu aka goyo."

"Ita waliyyiyar ta san bambanci ne? Ko satar gida ba ta sani ba!"

"Ni na sani."

Nicanor ya yi tsaki, ya rufe almakashin ya jefa a aljihu. "Tashi to, tsohuwar banza. Bi ta hagu, can ba su da abin jifa sosai."

Suna da shi. Da jama'a suka gane abin da ke faruwa, kiran suna ya koma fito da ihu, kofunan giya suka yi ta sauka, wani ya jefo rabin lemo ya same shi a kafaɗa. Mai lasifika ya yi maza ya sa kiɗa. Filemón ya fita ta ƙofar da ya shigo, gashi a sake, ya tarar da Eduviges a waje ta riga shi fitowa. Ta yi gaba, ya bi ta.

Titi ba kowa sai karnuka da mai sayar da dafaffiyar masara, rediyonsa a rataye jikin kurar da yake turawa. Sun kai kwanar coci ke nan sai ihu ya tashi daga filin, irin wanda ke girgiza gilashin taga. Hannuwan Filemón suka ɗaga sama da kansu, bakinsa ya buɗe. Sai ya tuna, ya sauke su a hankali.

"Wa ya ci?" ya tambayi mai masara.

Mutumin ya faɗi wani suna. Filemón ya gwada maimaitawa, bai iya ba.

Suka ci gaba da tafiya. Iska na ɗaga gashin tana watsa masa a fuska.

"Ka san dai yanzu ba ranar da za a yanke shi," in ji Eduviges, ba ta waiwayo ba. "Suna sama, ba sa faɗowa, balle su hau. Ka rufe wa kanka ƙofa da hannunka."

"Na sani."

"Da shi za a binne ka."

"To ki ce wa kafinta ya ƙara wa akwatin tsawo."

"In ƙara masa kuɗi saboda gashi? Naɗe shi zan yi in tura maka ƙarƙashin kai. Ka samu matashi kyauta."