Igiyar da Na Goge

Har gobe ban manta da ranar Talatar da muka zauna a Kalgo muna rubuta jarrabawar taimakon gaggawa ta ɗaliban likitanci ba. Ni ne shugaban kwamitin, mu biyar ne: likitoci huɗu da Hajiya Rabi, babbar ma'aikaciyar jinya da aka gayyato daga Gwandu, wadda ta tsufa a ɗakin karɓar majiyyata.

Ku da kuka zo daga baya ba ku ga yadda ake yi a da ba. Kowane malami tambayar da ta zo masa ita yake yi. Ɗalibi ya faɗa hannun mai sauƙi ya wuce, abokinsa ya faɗa hannun mai zafi ya maimaita shekara. Shi ya sa aka ce mu tsara jarrabawa ɗaya ga kowa. Ɗalibi zai bi ɗakuna goma, minti takwas a kowanne. A ciki zai tarar da mutumin da aka koya wa kwaikwayon maras lafiya, da malami riƙe da takarda yana sa maki. Kalmomin da mai kwaikwayon zai faɗa mu muke rubuta su.

Da muka iso ɗakin saran maciji, na rubuta: "Maciji ya sare ni a gona." Hajiya Rabi ta ɗaga hannu.

"Likita, mutanenmu ba su ambaton sunan abin ga. Manomin Kambaza ko Bafillacen ruga, cewa shika yi igiya ta taɓa shi. Tsoron kiran sunan su kai. A rubuta igiya."

Ni kuwa lokacin ƙa'ida ta cika mini kai, ga taurin kai na gado. Na ce, "Hajiya, ilimin likita muke aunawa, ba kacici-kacici ba. Ɗaliban nan daga ko'ina suke. In muka sa igiya, ɗan ƙauye ya ci, ɗan birni ya faɗi, ina adalcin?"

Ta ce, "To a koya musu kamin jarrabawa mana. Asibiti ai ba ta tambayar inda likita ya hito."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Da na waiga na ga har sakataren kwamitin ya rubuta kalmarta a gefen takarda, sai na karɓi biro na soke ta da hannuna.

Jarrabawa ta yi kyau, aka yi ta yaba mana. Wanda ya fi kowa maki shi ne Nasiru, yaro natsattse da ya tashi a birni. A ɗakin maciji ni na duba shi, bai bar ko maki ɗaya ba.

Bayan ya gama, aka tura shi aiki wata ƙaramar asibiti a ƙasar Gwandu. Cikin damina, wata ranar kasuwa da hantsi, ma'aikatan jinya duk suna kan mutanen da mota ta kife da su, aka kawo wani manomi daga wajen Malisa a kan babur, ƙafa a kumbure. Ɗan'uwansa ya ce, "Likita, igiya ta taɓa shi gona." Nasiru ya duba ya ga shatin igiya a ƙwauri. Waɗanda suka kawo shi ne suka ɗaure ƙafar don kada dafi ya hau, suka kwance a bakin ƙofa don kada a yi musu faɗa. Nasiru kuwa ya ɗauka igiyar shanun huɗa ce ta naɗe manomin. Ya wanke wurin, ya yi masa allura, ya ba shi maganin ciwo, ya sallame su. Su kuma suka ɗauka allurar dafi ce aka yi.

Bayan kwana biyu suka dawo da shi jini na fita ta dasashi. Kububuwa ce. Aka ba shi maganin dafi, amma lokaci ya ƙure, ya rasu. Maganin nan tun ranar farko yana cikin firijin ɗakin da ke kusa.

Aka sa ni cikin masu binciken abin da ya faru. Nasiru ya zauna gabana duk ya zabge. Na ce, "Kai da ka fi kowa sanin saran maciji?"

Ya ce, "Malam, na san shi. Amma babu wanda ya ce mini maciji."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. A rahoton na rubuta cewa laifin har da namu masu jarrabawa, na sa sunana a farko.

Na tafi gidan Hajiya Rabi a Gwandu, lokacin ta yi ritaya. Na so ta yi mini gori, da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Allah shi jiƙan shi. Ɗiya shida ya bari."

A shekarar muka mayar da igiya cikin jarrabawa, muka kuma sa a koyar da ita a aji. Amma da-na-sani ƙeya ce.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Na tsaya kai da fata in yi wa ɗalibai adalci, na manta da mutumin da za a kawo musu a kan babur. In kuna rubuta tambaya, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta ɗaga hannu, ku ajiye biro ku saurare ta. Ni nawa biron ban ajiye ba.