Tushiyar Dawa a Gonar Baffa

Jiya ɗana ya dawo daga atisayen tseren dogon zango da makarantarsu za ta shiga bayan girbi, ƙafarsa buɗu-buɗu da jar ƙasa. Ina ganinsa, marigayi Baffa ya faɗo mini a rai.

Yayan mahaifina ne, manomi a garin Ƙofa. Muna sakandare, hanyar tserenmu ta gonarsa take ratsawa, kuma yawancinmu ba takalmi. Da an yanke dawa, sai ya ɗauki fartanya ya bi hanyar yana tone tushiya, kada ta huda ƙafar wani. Ba wanda ya sa shi.

Shekarar da na fara shiga tseren, na tarar da shi a sunkuye, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ce, “Baffa, abokan karawarmu 'yan Kiru ma nan za su bi fa.”

Ya ɗago ya harare ni. “To su ba 'ya'yan mutane ba ne? Ka wuce su da ƙafarka, ba da tushiyata ba.”

Na kuwa wuce su, kuma ba wanda ya bar gonar nan da jini.

Tseren su ɗana ma ta wannan gonar zai ratsa, don haka bana ni zan ɗauki fartanyar. Allah Ya share wa Baffa hanya kamar yadda ya share mana.