Shekarar da Aka Tafi Aka Bar Ni

Ko da zan manta da komai na zaman jami'a, ba na jin zan taɓa manta da makonnin da na yi ina shirin tafiya wata ƙasar Larabawa. Larabci nake karanta, kuma a shekara ta uku aka zaɓe mu mu shida mu je can mu yi shekara guda, harshen ya zauna mana a baki. Ni kaɗai ce mace a cikinmu.

Da na dawo gida Jega da labarin, mahaifiyata ta yi ta kuka tana dariya. Fasfo ya fito, tela ya ɗinka mini dogayen riguna, kullum ina gaban madubi ina gwada yadda zan gaishe da malamai. Na je Aliero na yi wa kawuna ban kwana a rumbun albasarsa, ya tara ma'aikatansa yana nuna ni. Na wuce Maiyama, har Mungadi wurin kakata, wadda ta daka mini yaji da daddawa tana cewa, "Can ƙasar ba su san miya ba, kar ki dawo mini a rame." Yanzu in na tuna yadda na bi gida gida ina sallama, sai in ji tausayin yarinyar nan.

Abu ɗaya ya rage, gwajin lafiya. Ban ɗauke shi komai ba, don ko ciwon kai ban cika yi ba. Ranar da na koma karɓar sakamako, likitan ya daɗe yana duban takardar kafin ya ce in zauna.

"Malama, akwai ƙwayar ciwon hanta a jininki."

"Amma ni lafiyata lau," na ce.

"Haka take, ba ta nuna alama da wuri. Sai dai da wannan sakamakon ba za su ba ki biza ba."

Na sake gwajin a wani asibiti, amsa ɗaya. Na roƙi shugaban sashenmu, ya yi waya har sau biyu a gabana, daga baya ya ce in yi haƙuri, dokar ƙasarsu ce.

Ranar da 'yan ajinmu suka tashi, suka turo hoto daga filin jirgi. Na kife wayar. Kusan wata biyu ban leƙa ƙofar gida ba. Da na daure na shiga kasuwa, wata maƙwabciyarmu ta tare ni da murna: "Laa, har kin dawo? Yi muna Larabcin mu ji!" Na juya gida ba tare da na sayi abin da aka aike ni ba. Mahaifiyata ta same ni a ɗaki, ta ce, "Ɗiyata, tashi ki ci abinci. Ni ke nika so, ba Larabci ba." Ban iya ci ba.

Na gama digirina a nan gida, ina koyarwa yanzu, ina kuma zuwa asibiti ana duba ni. Har yau in tsofaffin abokan karatuna suka ɓarke da hira cikin Larabci mai santsi, nakan tuna shekarar da aka tafi aka bar ni. Abin da na koya shi ne, mutum zai iya yin duk abin da ya kamata, bai yi laifin komai ba, kuma a rufe masa ƙofa. Ba kowane rashi ake mayar wa mutum ba; wani sai dai ka koyi zama da shi.